Takarda Kafin Famfo: Unguwannin Gefen Khartum da Kuɗin Birni

Har ta rasu, in kakata ta ce "unguwarmu" Ishash Fallata take nufi, ba Ingaz ba, ko da yake a Ingaz ta ƙare rayuwarta. A Ishash aka haife ni, amma ban san ta ba. Ina goye aka tashe mu, a farkon shekarun 1990.

Kakanninmu hanyar Makka ce ta kawo su. Wasu sun biyo ayarin Sarkin Musulmi Attahiru, wanda Turawa suka kashe a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello ya ci gaba da tafiya har ya kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Wasu sun tsaya neman guzuri a gonakin audugar Jazira bayan an gama madatsar Sinnar a 1925, guzurin da har yau ba a gama haɗawa ba. Waɗanda suka gangaro Khartum sun tarar Ingilishi ya riga ya yanka birnin: filayen daraja ta ɗaya, ta biyu, ta uku, sai kuma wajen gari inda aka bar leburori su kwana. Titi da ruwa da fitila suna bin darajar fili. Mai ginin bulo ya sha famfo, mai ginin laka ya jira.

Nan ne asalin matsalar, a ganina. Ba a taɓa zama aka ce kada a ba Hausawa ruwa ba. An ce ne sai unguwar da ke cikin taswira za a yi wa aiki, kuma ba a ba ka fili a taswira sai kana da jinsiyya, wato takardar zama ɗan ƙasa. Dokar 1948, da ta 1957 da ta biyo ta bayan 'yancin kai, sun nemi ka nuna cewa kakanninka suna Sudan tun ƙarshen 1897. Wanda kakansa ya taso daga Burmi a 1903, ina zai samo wannan? Sai ga mutum an haife shi a Khartum, yana biyan kuɗin rumfarsa a kasuwa, yana biyan na shara, amma in an zo rabon kasafi ba shi cikin lissafi. Sai a dokar 1994 aka dawo da ma'aunin zuwa ranar 1 ga Janairu 1956. A lokacin an riga an rushe Ishash.

Rusau ɗin ya zo ne a zamanin Sharafuddin Bannaga, wanda ya riƙe ma'aikatar gidaje ta jihar Khartum bayan juyin mulkin 1989. Ba mu kaɗai ba ne. Dubban 'yan Kudu da mutanen Yamma an kwashe su zuwa Darussalam a yammacin Omdurman, da Jabal Auliya, da Mandela kusa da Mayo. Zan faɗi gaskiya: mutanen Ishash da yawa sun sami fili da takardarsa, abin da iyayensu ba su taɓa riƙewa ba. Amma an ɗauke su daga kusa da tsakiyar gari, inda mace ke takawa ta kai tallanta, aka ajiye su a kudu, aka raɗa wa wurin sunan gwamnatin, Ingaz, ma'ana ceto. Kakata takan yi dariya in an faɗi ma'anar.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi damuna. Tun zamanin Numairi, wanda unguwar Mayo ta ci sunan juyin mulkinsa na 1969, gwamnatoci suka ƙware wajen yabon "taimakon kai da kai". Mu dama mun san gayya, Larabawan Sudan suna ce mata nafir. Da ita mutanen gefen gari suka ɗaga azuzuwa, suka haƙa magudanai kafin damina, suka yi karo-karon sayen bututu. Jami'i ya zo ya yanke ƙyalle, ya yaba, ya koma. Unguwar masu hali ba a taɓa ce mata ta yi gayyar kwalta ba. Mu kuwa muna sayen ruwa a ganga daga amalanken jaki, da tsadar da mai famfo a Amarat bai taɓa biya ba.

Bayan faɗuwar Bashir a 2019 na ga salon ya sauya. Wasu dattawa da matasa daga unguwarmu suka zo shirina na rediyo da wani tsohon fayil, cike da kwafin koke-koken da aka rubuta tun ina firamare. Na zaci roƙon rijiya za su sake yi. Sai wata malamar makaranta a cikinsu ta ce su tambaya ɗaya suka kawo: nawa ake karɓa a kasuwarmu a shekara, kuma nawa ke dawowa? Sau uku na gayyaci ofishin da abin ya shafa. Sau uku aka ce mai magana yana taro. Duk da haka wayar shirin ba ta huta ba ranar, har daga Umbadda ake kira, mutanen da ba Hausa suke ji ba, suna cewa a karanto musu yadda aka tsara takardar.

Ba mu sami amsa ba. Juyin mulkin Oktoba 2021 ya zo, rikicin Shuɗin Nilu na Yulin 2022 ya fito da Hausawa kan titunan Khartum kan batun rai, ba na famfo ba, sannan yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023. A Satumbar shekarar bam ya faɗa kasuwar Goro a Mayo ya kashe mutane fiye da arba'in. Da hukuma ta watse, matasan nan na kwamitocin unguwa su ne suka buɗe ɗakunan agajin gaggawa na Kudancin Hizam, suka ɗora tukwanen takiyya, suka riƙa kai masu rauni asibitin Basha'ir.

Malamar nan ta turo mini saƙo daga inda take gudun hijira. Gidanta an wawashe shi har ƙofofi, amma ta fita da fayil ɗin a ƙarƙashin kayan yaranta. Ta ce in na koma bakin makirufo, in ajiye mata minti goma sha biyar.