Gilashin Cooke da Masu Gyaransa: Tarihin Wani Idon Kyamarar Silima

Abin da ake kira idon kyamara jerin gilasai ne da aka goge, aka jera su cikin bututun ƙarfe, kowanne a mazauninsa. Irin wanda 'yan silima ke aiki da shi ba ya daidaita kansa. Akwai mataimakin mai ɗaukar hoto wanda ba shi da wani aiki sai auna nisan ɗan wasa da tef, sa'an nan ya riƙa murɗa zoben saiti yana bin lambobin da aka zana a jikinsa. Idan lambar ta ce ƙafa shida alhali idon yana kan ƙafa bakwai, to, aikin yini guda ya lalace. A zamanin da kuwa ba a ganin ɓarnar sai an wanke fim washegari. Daga nan ne darajar mai gyara ta samo asali.

Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne na gilashin Cooke. A 1886 wasu 'yan'uwa biyu, William da Thomas Taylor, suka kafa masana'anta a Lesta ta ƙasar Ingila, wadda daga baya ta zama Taylor, Taylor & Hobson. Sunan Cooke kuwa aro ne daga wani kamfani na birnin Yok, inda H. Dennis Taylor ya tsara ido mai gilashi uku a 1893, aka ba mutanen Lesta izinin ƙera shi. Da silima mai magana ta fito a 1927, sai tsofaffin fitilun ɗakin ɗaukar fim suka zama matsala saboda ƙararsu, aka koma ga ƙwan lantarki wanda ba shi da ƙara amma haskensa bai kai nasu ba. Idon da Horace W. Lee ya tsara, mai suna Speed Panchro, yana iya aiki da ɗan haske, saboda haka ya mamaye Holiwud cikin shekarun 1930. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka fito da zubi na biyu, daga baya na uku.

Masu ƙirar sun san aikinsu, amma ba su yi shi da nufin ya shekara saba'in ba. Giris ɗin da ke cikin murɗaɗɗen tsagin zoben saiti yakan bushe ya daskare, ko kuwa zafi ya narkar da shi tururinsa ya kwanta a kan gilashi kamar hazo. Tsagin kansa yakan cinye har zoben ya riƙa wasa, watau a murɗa hagu a sami saiti ɗaya, a murɗa dama a sami wani dabam a kan lamba guda. Wasu gilasan an manne su biyu-biyu ne da ƙaron wata itaciya ta ƙasar Kanada. Idan ƙaron ya tsufa sai su fara rabuwa daga gefe. Ga kuma funfuna, wadda ke shiga idan an ajiye ido a wuri mai laima da duhu, ta yi saƙa a kan gilashi, in aka daɗe ta ci fuskarsa. Mafi ban mamaki shi ne na wasu daga zubi na biyu, waɗanda aka sa sinadarin toriyam cikin gilashinsu don ya ƙara lanƙwasa haske: shekaru suna tafiya suna rinewa, har su koma launin ruwan shayi.

Kowace cuta da maganinta. Ana kwance idon, a yi wa kowane gilashi shaida don kada a juya shi wajen mayarwa, a wanke tsohon giris a sa sabo, a raba manannun gilasai a sake manne su cibiya bisa cibiya. Rinin toriyam yakan ragu idan aka daɗe ana haska gilashin da irin hasken nan na rana wanda ido ba ya gani. A ƙarshe sai a ɗora idon a kan na'urar gwaji, a riƙa ƙara ko rage wasu siraran faya-fayan ƙarfe a gindinsa, waɗanda wasunsu ba su kai kaurin gashin kai ba, har lambobin zobe su koma faɗin gaskiya. Wurin da ake gane gwani shi ne inda ya tsaya. Gogen gilashi yana kawar da ƙarzuwa, amma yana tafiya da siririn shafen da ke fuskarsa, yana kuma iya taɓa lanƙwasarsa. Mai garaje sai ya mayar wa mai kaya ido garau wanda ba Cooke ba ne kuma.

Da aka sami sababbin idanu masu kaifi, sai aka jingine tsofaffin, aka riƙa sayar da su da araha. Abin da ya dawo da su shi ne kyamarar zamani marar fim, musamman bayan fitowar RED One a 2007 da Arri Alexa a 2010. Hotonta ya yi kaifin da ba ya rufa wa fuska asiri, masu ɗaukar hoto suka shiga neman taushin tsohon gilashi. Amma bututunsa ƙarami ne, lambobinsa a cushe suke, gindinsa kuma bai dace da mazaunin da kamfanin Arri ya fito da shi a 1982 ba. Sai gyara ya koma irin na manomi da fartanyarsa: ruwan yana nan, ƙota ake sakewa. Kamfanoni irin su True Lens Services na yankin Lesta da P+S Technik na Jamus suna cire gilasan su ƙera musu sabon gida, mai faɗin zobe da haƙoran da injin saiti zai kama.

Har yanzu ana saɓani a kan rinin nan na toriyam, domin wasu masu ɗaukar hoto ɗuminsa suke so, wasu kuwa suna cewa yana cin haske, yana kuma hana idanun jeri ɗaya yin launi ɗaya. Hujjar na biyun ta fi ƙarfi, tun da launi ana iya ƙara shi daga baya. Shi kuwa kamfanin Cooke, wanda Les Zellan ya saya a 1998, da ya ga yadda ake rububin abin da ya daina ƙerawa tun shekarun 1960, sai ya fito da sabon zubi a 2017 da sunan Panchro/i Classic. Duk da haka tsofaffin ba su yi kwantai ba, kuma idan gilashi ɗaya ya fashe a cikinsu, mai gyara yakan nemo wani mataccen ido ne na wannan zubin ya ciro ɗan'uwansa.