Ciwon damuwa da tsoron zuwa asibiti a kudancin Kano

Ciwon damuwa cuta ce da ke sa mutum cikin baƙin ciki ko mutuwar jiki kusan kullum na aƙalla mako biyu, har ya daina jin daɗin abin da ya saba so. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutane kusan miliyan 280 ne ke fama da shi, kuma ya fi kama mata. Yana jin magani. A Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, kamar sauran ƙasar Hausa, ɗaya daga cikin abubuwan da ke hana masu shi zuwa asibiti shi ne tsoron a kira su mahaukata.

Alamomi

Bayan baƙin ciki, akan ga rashin barci ko yawansa, rashin cin abinci, mantuwa, ganin kai ba a bakin komai ba, wani lokaci har da tunanin mutuwa. Da yawa ba sa cewa suna baƙin ciki, sai dai su koka da ciwon kai, nauyin ƙirji ko faɗuwar gaba. Manomin da ya kasa fita gona da damina akan ce masa rago, mai jegon da ta yi shiru ta daina kula da jaririnta akan ce iska ce ta taɓa ta. Kasalar nan kuwa alamar cutar ce, faɗa da gori ba sa kawar da ita.

Dalilin gudun asibiti

Wani bincike da aka wallafa a 2004, wanda aka yi a kan manya 250 a garin Karfi na ƙaramar hukumar Kura, ya nuna yadda mutanen yankin ke kallon taɓin hankali. Alamomin da suka fi ambata su ne faɗa da ɓarna, yawan surutu, baƙin hali da yawon titi. Kusan kashi 34 cikin ɗari sun ɗora laifin a kan shaye-shaye, wasu suka ce fushin Allah ne ko ƙaddara, wasu sihiri ko aljanu. Kashi 46 sun ce za su zaɓi asibiti, kashi 34 kuma maganin addu'a da makamantansa.

Mai ciwon damuwa ba ya cikin wannan hoton ko kaɗan: ba ya duka, ba ya yawo, yana ɗaki ne a kwance. Saboda haka shi da danginsa sukan ga cewa zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa shiga sahun da ba nasa ba ne. A Kano, sunan Dawanau kaɗai ya isa ya tsorata mutum. Iyaye suna gudun kada labari ya hana 'yarsu aure, magidanci yana gudun a daina jin maganarsa. Akwai kuma masu ɗaukar ciwon a matsayin raunin imani, alhali yana kama mai ibada kamar yadda hawan jini ke kama shi, kuma addu'a ba ta hana shan magani. Ga wanda ke Riruwai ko ƙauyukan bayan dajin Falgore, nisa da kuɗin mota zuwa birni wani shinge ne.

Yadda ake dubawa

Ba dole ba ne a fara da asibitin ƙwaƙwalwa. Ana iya farawa da asibitin da ke kusa, inda ma'aikacin lafiya zai yi tambayoyi kan barci, ci da tunani, ya kuma duba ko ƙarancin jini, ciwon suga ko matsalar maƙoƙo ne ke kawo gajiyar. Shirin mhGAP da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008 an yi shi ne don ma'aikatan da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba su iya gane irin wannan ciwo su yi maganinsa. Idan ya yi tsanani ana tura mutum sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko asibitin Dawanau. Mafi yawan masu ciwon damuwa ba a kwantar da su. Ana ganinsu su koma gida ranar. Wanda ya ji nauyin zuwa shi kaɗai yana iya tafiya da wani ɗan'uwa da ya amince da shi.

Maganin ya ƙunshi zaman tattaunawa da ƙwararre, ko ƙwayoyi irin su amitriftilin da fuloksetin, ko duka biyun. Ƙwayoyin sukan ɗauki makonni kafin a ji sauƙi, kuma ana ci gaba da shan su watanni bayan an warke, domin yankewa da wuri na iya dawo da ciwon. Ba sa bugarwa kamar kayan maye. Wanda ya fara maganar kashe kansa kuwa ana kai shi asibiti a ranar, ba a barin sa shi kaɗai.

Doka

A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Sabuwar dokar ta tanadi haƙƙin majiyyaci na a rufa masa asiri da kuma kare shi daga wariya.