Tushen Bindigogin Kisan Gilla: Nazari Daga Yankin Noman Rani na Kura da Bunkure

Duk sa'ad da 'yan bindiga suka buɗe wa jama'a wuta a Arewa, bayanin da ake saurin bayarwa shi ne makaman sun kwararo daga Libiya bayan faɗuwar Gaddafi a 2011. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai wannan maƙala tana ganin bayanin bai wadatar ba, domin kaso mai tsoka na makaman a cikin gida yake ɓulla.

A Amurka, binciken da ya bibiyi harbin kan mai uwa da wabi daga 1966 zuwa 2019 ya gano cewa kashi 77 cikin 100 na maharan sun sayi aƙalla wasu bindigoginsu ta hanyar da doka ta amince. A Nijeriya kuwa, Dokar Makamai ta 1959 ta hana farar hula riƙe bindigogin yaƙi sai da lasisin shugaban ƙasa. Ke nan bindigogin da aka harbe masallata da su a Babban Masallacin Kano ranar 28 ga Nuwamba 2014 ba a kanti aka saye su ba.

A 2020 cibiyar Conflict Armament Research ta fitar da nazarin makamai 148 da aka kama a jihohin Kaduna, Katsina da Zamfara. Ta tarar da na rumbunan Libiya da Kwaddibuwa, da ƙirar Turkiyya da aka yi fasa-ƙwaurinsu, da ƙirar maƙeran gida, da kuma waɗanda asalinsu na jami'an tsaron Nijeriya ne. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya ma ya nuna cewa zuwa Disamba 2018 makamai 178,459 sun yi ɓatan dabo daga hannun 'yan sanda, 88,078 daga ciki AK-47 ne.

Wannan batu ya shafi Kura da Bunkure na jihar Kano kai tsaye. Ruwan Madatsar Tiga ya mai da yankin cibiyar shinkafa da tumatir da alkama, kuɗi na yawo, manyan motoci na kai da komowa a titin Kano zuwa Zariya dare da rana. Da rani makiyaya na gangarowa neman ruwa da harawa, saɓani kan burtali yakan taso. Dajin Falgore, da ya daɗe yana ɓoye ɓarayin shanu, yana kudu. Inda duk waɗannan suka haɗu, dillalin makami ba ya rasa kasuwa.

Wasu na cewa a bar manoma su mallaki bindiga, kamar yadda gwamnatin Zamfara ta yi kira a 2022. Tarihin 'yan sa-kai a can ya nuna ramuwar gayya ce ke biyo baya.

Tsare iyaka wajibi ne, amma matakin farko shi ne a ƙirga abin da ke rumbunan gwamnati, a yi wa kowace bindiga lamba, a hukunta duk jami'in da tasa ta salwanta ba bisa hujja ba.