Nazari da zayyana tsarin bayanai: Ma'anarsa, tarihinsa da matakansa

Nazari da zayyana tsarin bayanai fanni ne na ilimin kwamfuta da ke koyar da yadda ake binciken ayyukan wata ma'aikata, a gano matsalolinta, sannan a fitar da taswirar tsarin da zai magance su tun kafin a fara rubuta manhaja. Tsarin bayanai ya ƙunshi abubuwa biyar: na'urori, manhaja, bayanai, ƙa'idojin aiki da kuma mutanen da ke amfani da su. Lambar zama ɗan ƙasa ta NIN, lambar tantance asusun banki ta BVN da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a 2014, da tsarin biyan albashi na IPPIS duk misalai ne na irin wannan tsari.

Aikin ya kasu gida biyu. Nazari yana amsa tambayar me ake so tsarin ya yi, zayyana kuwa tana amsa yaya zai yi shi. Mai wannan sana'a, wato manazarcin tsari, shi ke tsakanin masu ma'aikata da masu rubuta manhaja, yana fassara buƙatun waɗancan zuwa abin da waɗannan za su iya ginawa.

Taƙaitaccen tarihi

Fannin ya samo asali ne daga shigar kwamfuta harkokin kasuwanci. A 1951 kamfanin J. Lyons na Ingila, mai sayar da shayi da abinci, ya fara amfani da kwamfutarsa mai suna LEO wajen ayyukan ofis. Da ayyukan manhaja suka yawaita, sai aka riƙa samun waɗanda ke cinye kuɗi fiye da kasafi ko su gaza kammaluwa a kan lokaci. Wannan ya sa ƙungiyar tsaro ta NATO ta shirya taron masana a garin Garmisch na Jamus a 1968 domin neman mafita.

A 1970 Winston Royce ya bayyana salon aiki daki-daki da daga baya aka yi wa laƙabi da gangarar ruwa, inda ba a shiga wani mataki sai an gama na gabansa, ko da yake shi kansa ya yi gargaɗin cewa bin salon ba tare da waiwaye ba yana da haɗari. A shekarar ce kuma Edgar Codd na kamfanin IBM ya gabatar da tsarin adana bayanai cikin jadawalai masu alaƙa da juna. Peter Chen ya fito da zanen alaƙar abubuwa a 1976, sannan a 1997 aka amince da UML a matsayin harshen zane na bai-ɗaya. A 2001 wasu masana 17 suka haɗu a jihar Yuta ta Amurka suka fitar da sanarwar salon Ajayil, wanda ke gina manhaja kaɗan-kaɗan tare da jin ra'ayin masu amfani a kowane zango.

Matakan aikin

Mataki na farko shi ne binciken yiwuwar aiki, inda ake duba ko akwai fasahar, ko kuɗin za su isa, ko doka ta amince, ko kuma ma'aikata za su iya aiki da sabon tsarin. A Najeriya, Dokar Kare Bayanai ta 2023 na cikin abubuwan da dole a duba idan tsarin zai adana bayanan jama'a.

Na biyu shi ne tattara buƙatu ta hanyar hira da ma'aikata, raba takardun tambayoyi, lura da yadda aiki ke gudana da nazarin fom-fom da rajistocin da ake amfani da su. Idan asibiti ne, alal misali, manazarci zai bi katin mara lafiya daga ɗakin rajista zuwa wurin likita, ɗakin gwaji da kantin magani, ya ga inda yake makalewa ko ɓacewa.

Na uku shi ne zayyana, inda ake tsara rumbun adana bayanai, fuskokin da ma'aikaci zai gani a allon kwamfuta, rahotannin da tsarin zai fitar, da wanda ke da izinin ganin kowane bayani. Daga nan sai ginawa da gwaji.

Wajen komawa sabon tsari akwai hanyoyi huɗu: a sauya kai-tsaye, a tafiyar da tsoho da sabo tare na ɗan lokaci, a gwada a reshe guda, ko a shigar da shi kashi-kashi. Mataki na ƙarshe shi ne kulawa da gyare-gyare, wanda ke ci gaba muddin ana amfani da tsarin.

Illar sakaci

Misalin da ake yawan koyarwa shi ne na hukumar motocin ɗaukar marasa lafiya ta birnin Landan. A watan Oktoban 1992 ta fara amfani da sabon tsarin kwamfuta na aika motoci, amma nan da nan ya rikice, masu kiran gaggawa suka shafe sa'o'i suna jira, har shugaban hukumar ya yi murabus. Binciken da aka gudanar ya nuna cewa an yi gaggawar ƙaddamar da tsarin, ba a gwada shi yadda ya kamata ba, kuma ma'aikata ba su sami isasshen horo ba. Darasin shi ne kuskuren da aka gano a kan takarda ya fi sauƙin gyara a kan wanda ya bayyana bayan an fara aiki.

Karatun fannin a Najeriya

Ana koyar da darasin a sassan kimiyyar kwamfuta da fasahar sadarwa na jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha, har da Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya. Ɗalibi yana buƙatar sanin tushen rubuta manhaja da rumbun bayanai, amma iya sauraro, iya yin tambaya da rubuta rahoto a fayyace ba su gaza waɗannan muhimmanci ba. Galibi aikin binciken shekarar ƙarshe kan kasance nazarin wata ma'aikata da zayyana mata tsari.

Hukumar CPN, wadda aka kafa da doka ta 49 ta 1993, ita ke yi wa ƙwararrun kwamfuta rajista, yayin da hukumar NITDA ke shimfiɗa ƙa'idojin ayyukan fasahar sadarwa na ma'aikatun gwamnati. Waɗanda suka ƙware a fannin kan sami aiki a bankuna, kamfanonin sadarwa, asibitoci da hukumomin gwamnati.