Daga Wasiƙar Ayari zuwa Wayar Salula: Tarihin Aika Saƙo ta Sabha

Sabha ita ce babban birnin lardin Fezzan a kudancin Libiya, tafiyar fiye da kilomita 700 a mota daga Tarabulus. Matafiyin da ya taso daga Agadas ya keto Sahara ta Dirku da Madama da Gatrun, nan ne babban zangonsa kafin ya nufi bakin teku. Tarihin aika saƙo ta wannan hanya ya shafi Hausawa kai tsaye, domin sun daɗe suna bin ta.

A ƙarni na 19 Murzuk ce cibiyar Fezzan, Sabha kuwa ƙaramin gari ce mai gonakin dabino. Wata hanyar fatake ta tashi daga Murzuk ta bi ta Bilma zuwa Kukawa, wata kuma ta haɗa Gadamas da Gat da Azbin da Damagaram har Kano. Attajiran Gadamas suna da wakilai a Kano, kuma da wasiƙa suke sanar da juna farashin kaya da lissafin bashi. Takardar takan yi watanni a jakar madugu. Baturen Jamus Heinrich Barth ya ratsa Murzuk a 1850, bai shiga Kano ba sai a watan Fabrairun 1851. Idan 'yan fashi suka auka wa ayari, saƙo ya salwanta tare da dukiya. Kalmar "wasiƙa" kanta aro ce daga Larabci, kamar yadda "waya" ta zo daga Ingilishi daga baya, ma'anarta ta asali kuwa zaren ƙarfe.

Wannan zare ya iso gaɓar Libiya da wuri. A 1861 aka shimfiɗa wayar tangaraho a ƙarƙashin teku daga Malta zuwa Tarabulus da Bangazi da Iskandariyya. Attajirin Tarabulus ya samu damar jin farashin kasuwar Ingila cikin ɗan lokaci, alhali labarin kayansa da ke Kano sai ya jira raƙumi. Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, fatauci ya juya kudu zuwa Ikko, ayarin Sahara ya ja baya ƙwarai.

Sabha ta ɗaukaka ne a zamanin mulkin mallaka. Italiyawa sun gina ganuwar soja a kan tudun garin, Faransawa suka karɓe Fezzan a 1943 suka mulke ta daga Sabha har Libiya ta samu 'yanci ranar 24 ga Disamba, 1951. A nan kuma Mu'ammar Gaddafi ya yi shelar kafa Jamahiriyya ranar 2 ga Maris, 1977.

A mulkinsa sadarwa kacokan tana hannun gwamnati. Wayar gida da ta ofis na ƙarƙashin hukumar gidan waya ta ƙasa, kamfanin LTT da aka kafa a 1997 shi ke samar da intanet, Al-Madar da Libyana kuma su ke da wayar salula. Ɗan shugaban ƙasa, Muhammad Gaddafi, shi ke jagorancin hukumar. Illar tara komai a hannu ɗaya ta bayyana a 2011: a farkon watan Maris gwamnati ta toshe intanet, bai dawo wa jama'ar Tarabulus ba sai a watan Agusta. Bayan faɗuwar gwamnatin, kudu ta ci gaba da fama da ɗaukewar lantarki da yankewar layin da ya haɗa ta da arewa. Duk lokacin da layin ya yanke, bankuna da shaguna da asibitoci sukan rasa hanyar tuntuɓar Tarabulus.

Ga 'yan ci-rani daga Nijar da Nijeriya, waya ta zama igiyar zumunci. Magini ko mai gadi a Sabha yakan ji muryar mahaifiyarsa a Maraɗi ko Katsina nan take, ya kuma sanar da ita kuɗin da ya aika. Direbobin hamada sukan riƙe wayar tauraron ɗan'adam ta Thuraya saboda wuraren da babu layi. Amma wannan waya ta zama makami a hannun azzalumai. A watan Afrilun 2017 Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya ta ba da rahoton cewa ana sayar da 'yan Afirka ta Yamma a Sabha, ana tsare su a gidaje, ana dukansu yayin da aka kira danginsu, domin dangi su ji kukan su biya fansa.

Saƙon da a da yake cin watanni tsakanin Fezzan da ƙasar Hausa yau daƙiƙa kaɗan ke kai shi. Sai dai tun zamanin madugu har zuwa na salula, isarsa da amfaninsa sun rataya ne a kan wanda ke riƙe da hanya, da kuma ko mai amana ne.