Kwantena, Canjin Kuɗi da Kaza: Dalilan Durƙushewar Gidajen Abincin Gaggawa a Ƙananan Ƙasashen Tsibiri

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda wasu manyan kamfanonin abincin gaggawa na duniya suka buɗe rassa a ƙananan ƙasashen tsibiri, sannan suka naɗe tabarmarsu bayan ɗan lokaci. An ɗauki misalai daga Barbados da Jamaika da Trinidad da Tobago da Bermuda da Aisland da Fiji, tsakanin 1990 da 2011. Bayanin da ya fi yaɗuwa shi ne wai mazauna tsibirai ba sa sha'awar irin wannan cima. Maƙalar ta nuna cewa wannan bayani ya gaza, domin a waɗannan tsibiran dai wasu kamfanonin sun kafu har sun bunƙasa. Abin da ya fi raba mai tsira da mai faɗuwa shi ne inda ake samo kayan girki, da kuɗin da ake biyan su da shi, da kuma yawan rassan da ke ɗaukar nauyin hidimar jigila da ajiya.

Gabatarwa

Tun taron da Majalisar Ɗinkin Duniya ta gudanar a Bridgetown ta Barbados a 1994, masana tattalin arziki suke kallon ƙananan ƙasashen tsibiri a matsayin rukuni mai matsaloli na daban. A 1995 Lino Briguglio na Jami'ar Malta ya wallafa nazarinsa kan raunin tattalin arzikin irin waɗannan ƙasashe, inda ya jingina raunin ga ƙanƙantar kasuwa, da nisa daga manyan cibiyoyin ciniki, da dogaro ga kayan waje, da yawan bala'o'in yanayi. Yawanci ana tattauna waɗannan abubuwa ne a matakin kasafin kuɗin ƙasa. Gidan abincin gaggawa yana ba mai nazari damar ganin su a wuri guda ƙarami, domin a cikin farantin abinci ɗaya akwai kuɗin jirgin ruwa, da harajin kwastam, da farashin lantarki, da darajar kuɗin ƙasa.

Yadda aka gina sana'ar

Kamfani irin McDonald's ko KFC ba kasafai yake zuba jarinsa kai tsaye a ƙaramar ƙasa ba. Yakan ba wani ɗan kasuwa na gida lasisin amfani da sunansa, bisa sharaɗin bin ƙa'idojinsa daki-daki: irin dankalin da za a soya da yadda za a yanka shi, nauyin nama, irin burodi da cuku, har da injinan girki da kwalayen zuba abinci. Mai lasisin yana biyan uwar kamfani wani kaso daga cinikin da ya yi, da wani kason kuma na talla. Daga cinikin ake cire waɗannan kaso, ko an ci riba ko ba a ci ba.

Ribar da ke kan kowane faranti kaɗan ce ƙwarai, don haka tsarin ba ya biya sai da ɗimbin masu saye. A Amurka ko Jamus, masana'antar burodi ɗaya da rumbun sanyi ɗaya suna ciyar da ɗaruruwan rassa, kuɗin tafiyar da su kuma ya rarrabu har ya zama ba a jin sa. A tsibirin da rassa uku ko goma ne kacal, babu masana'antar da za ta sayi injina na musamman don ta cika ƙa'idar mai saye ƙanƙane haka. Sai a koma ga shigo da kusan komai a daskare, cikin kwantena mai sanyi. Kayan da ke zuwa ƙananan tsibiran Karibiyan sau da yawa sai an sauke su a wata babbar tasha, kamar Miami ko Kingston, an sake loda su a ƙaramin jirgi. Tun da tsibirin ba shi da kayan fitarwa masu yawa, kwantenar takan koma fanko, kuɗin komawar kuma yana cikin abin da mai shigo da kaya ya biya. Bayan an sauke, sai ajiya a rumbun sanyi da lantarkin da galibi da man dizal ko baƙin mai na waje ake samar da shi, a farashin da ya ninka na Amurka.

Aisland: lokacin da kuɗin ƙasa ya faɗi

Babu misalin da ya fito da matsalar fili kamar na Aisland. An buɗe McDonald's a Reykjavik a 1993, Firayim Minista Davíð Oddsson ne ma ya fara cin abincin a bainar jama'a. Ƙasa ce mai arziki, amma mutanenta a lokacin rufewar ba su wuce dubu 320 ba, rassan kuma uku ne. Kamfanin Lyst da ke riƙe da lasisin yana shigo da mafi yawan kayansa daga Jamus, yana biya da yuro, yana sayarwa da krona. Da manyan bankunan ƙasar uku suka durƙushe a watan Oktoba na 2008, darajar krona ta zube, farashin kayan da ake shigowa da su ya kusan ninkawa. Mai lasisin ya bayyana cewa sai ya ƙara kusan kashi 20 cikin 100 a kan farashi kafin ya ga riba, abin da zai sa Big Mac na Aisland ya fi na ko'ina tsada a duniya. A ƙarshen Oktoba na 2009 aka rufe rassan duka.

Abin lura shi ne masu saye ba su guje wa wurin ba; a kwanakin ƙarshe ma layi aka riƙa yi. Kuma gine-ginen ba su zauna a kulle ba. Mai lasisin nan dai ya sake buɗe su da sunan Metro, yana sayar da abinci mai kama da na da, da naman gida da kayan gida. Wuri bai sauya ba, ma'aikata da masu saye ma haka. Abin da aka cire shi ne wajibcin sayo kaya daga waje da kason uwar kamfani. Duk ɗan kasuwar da ya ga yadda faɗuwar naira a 2023 ta yi wa masu sayo kaya da dala su sayar da naira, ya san wannan ciwo.

Karibiyan: inda kaza ta yi rinjaye

A Barbados lamarin ya sha bamban, domin tun 1975 dalar ƙasar take ɗaure da ta Amurka, biyu a kan ɗaya. Ba canjin kuɗi ne ya kori McDonald's ba a nan. Ya buɗe a 1990, ya rufe cikin 'yan watanni saboda ƙarancin ciniki. Ya tarar da kasuwar da ba ta kai mutum dubu 300 ba, wadda kuma tana da mai ita: Chefette, wanda Assad Haloute ya kafa a 1972, yana sayar da soyayyiyar kaza da roti, wato waina mai faɗi da ake naɗe nama da dankali a ciki. A Jamaika McDonald's ya daɗe fiye da haka, daga 1995 zuwa 2005, amma can ma ya iske Tastee, wanda ke aiki tun 1966, da Juici Patties na 1980, masu sayar da fanken nama da ɗan makaranta da lebura ke iya saye kullum. A Trinidad ya rufe a 2003, a ƙasar da karin kumallon gefen titi da ake kira doubles ya fi kowane abincin kamfani araha.

Daga nan ne masu bayanin ɗanɗano suke kafa hujja, kuma hujjar tana da ƙamshin gaskiya: mutanen yankin sun fi sabawa da kaza da kifi a kan niƙaƙƙen naman sa. Sai dai a ganina an fi ƙarfafa ta fiye da kima. KFC na Amurka ne shi ma, amma ya kafu a Jamaika tun 1975, a Trinidad kuma reshensa na Independence Square da ke Port of Spain ya yi suna da yawan ciniki. Son kaza wani ɓangare ne na dalili. Ɗaya ɓangaren, wanda ba a cika ambata ba, shi ne kaza ce naman da waɗannan tsibirai suka fi iya samarwa da yawa a kan ƙa'idar masana'anta. Kiwon shanu yana son fili mai faɗi da shekaru, tsibiri kuwa ba shi da fili. Kajin gidan gona makonni shida zuwa bakwai suke yi a rufaffen ɗaki su isa yanka. Jamaika tana da manyan kamfanonin kaji irin su Jamaica Broilers, gwamnatocin yankin kuma sun kare masu kiwo da haraji mai nauyi a kan kajin waje. Saboda haka mai sayar da kaza yana sayen babban kayan girkinsa a gida, da kuɗin gida, ba ya jiran jirgi. Burger King, wanda ya zauna daram a Jamaika duk da naman sa yake sayarwa, yana ƙara nuna cewa ɗanɗano shi kaɗai ba zai iya ɗaukar nauyin bayanin ba.

Hannun hukuma

A wasu wuraren doka ce ta yanke hukunci. McDonald's na Bermuda yana cikin sansanin sojan ruwan Amurka ne, ya rufe tare da sansanin a 1995, majalisar tsibirin kuma ta kafa doka a 1997 da ta hana buɗe gidajen abinci masu lasisin kamfanonin waje, aka bar reshen KFC guda da ya riga dokar. A Fiji, KFC ya rufe rassansa uku a 2011 bayan saɓani da hukumar kare lafiyar dabbobi da tsirrai kan shigo da haɗin garin da ake shafa wa kaza, mai ɗauke da madara da ƙwai. Hukumar ta nemi takardun shaidar lafiya, kamfanin kuma ya koka da tsaikon da hauhawar kuɗin gudanarwa. Tsibiri yana da dalilin tsananta irin wannan bincike, domin cutar da ta shiga garkensa ba ta da inda za ta tsaya. Kaza tana nan a Fiji, amma haɗin da ba a yarda a sauya ba ya isa ya tsayar da girki.

Tsibiran da suka tsira

Hujja mafi ƙarfi tana wajen tsibiran da McDonald's bai fita ba. Martinique da Guadeloupe da Réunion ɓangarorin Faransa ne, da yuro suke ciniki. Puerto Rico kuma da dalar Amurka. Malta ƙarama ce, amma tana cikin Tarayyar Turai, kamfanin Premier Capital da ke riƙe da lasisin can kuma shi ne ke tafiyar da rassan Girka da Romaniya da ƙasashen Baltik uku. Da McDonald's ya koma Trinidad a 2011, ta hannun Arcos Dorados ya koma, kamfanin da ke riƙe da rassa a ƙasashe da yankuna kusan 20 na Latin Amurka da Karibiyan, wanda ke sayen kaya a dunƙule ya raba. Yawan mutanen Trinidad bai sauya sosai ba tsakanin 2003 da 2011. Reshen ne ya daina zama maraya. Wanda ya fi shiga haɗari shi ne ɗan kasuwar gida guda, mai rassa kaɗan, mai bashin dala da cinikin kuɗin gida, kuma shi da ma'aikatansa ne ke kwana da asarar idan uwar kamfani ta cire allonta.

Ko nasarar kaza ma tana da iyaka, kuma ya kamata masu tsara manufofi su dube ta da idon basira. Kajin da ake kiwo a Jamaika da Barbados da Trinidad masara da waken soya suke ci, mafi yawansu kuma daga waje ake shigo da su, musamman Amurka. Dogaron bai gushe ba, ya koma baya ne da taki ɗaya, daga ɗakin girki zuwa masana'antar abincin kaji. An ga haka a 2022, lokacin da yaƙin Rasha da Yukren ya ɗaga farashin hatsi a duniya, farashin kaza ya bi shi a yankin. Ƙungiyar ƙasashen Karibiyan, CARICOM, ta taɓa sa wa kanta burin rage kuɗin shigo da abinci da kashi 25 cikin 100 zuwa 2025, kuma ɗaya daga cikin ginshiƙan shirin shi ne noman masara da waken soya a Guyana, mamba a ƙungiyar da ke kan babban yankin Kudancin Amurka, inda filin noma yake. Kai wannan hatsi zuwa tsibiran yana buƙatar jiragen ruwa masu zirga-zirga a kai a kai tsakanin ƙasashen yankin, sufurin da ya daɗe yana baya idan aka kwatanta da hanyar da ta haɗa kowane tsibiri da tashoshin Amurka.