Duwatsun Kwara da Harshen Injin Jirgi

A can ƙasan kowane injin da ake maƙala wa kwalekwale, gaban farfela kaɗan, akwai wani siririn harshe na alminiyom da ya fi komai na jirgin nitsewa cikin ruwa. Shi ne ke fara gamuwa da dutse ko kututture, shi ne kuma ke fara guntulewa. Duk wanda ya zaga kwatar Yawuri ko ta Malale ya dubi injinan da aka ɗaga sama zai ga wasu da harshe a karye, wasu a lanƙwashe, wasu da tabon walda. Mutane na ɗaukar wannan ƙaramar matsala ce ta bakanike, amma tarihin sufuri a Kogin Kwara ya nuna akasin haka. Inji bai taɓa maye gurbin sanin hanyar ruwa ba, kuma waɗanda suka ƙera shi sun san da hakan, shi ya sa suka sanya masa abin da zai karye kafin ɓarna ta kai ga sauran. Yadda ake bi da karyayyen harshe ya dogara ne ga fahimtar wannan.

Tsakanin Yawuri da Jebba kogin ya ratsa ƙasa mai duwatsu, ya rarrabu tsakanin gungu da gungu, kuma kafin a yi dam ruwan yakan gangara da ƙarfi ta wasu matsatsun mashigai a yankin Busa. A nan tafiyar Baturen nan mai binciken kogin, Mungo Park, ta ƙare a 1806. Ya taso daga Sansanding a ƙasar Mali ta yau a watan Nuwamban 1805, da niyyar kada ya riƙa sauka yana neman izinin sarakuna, kuma da tafintansa Amadi Fatouma ya rabu da shi a Yawuri sai ya doshi Busa ba tare da wanda ya san wurin ba. Jirgin ya maƙale a dutse, aka far masa daga gaɓa, ya faɗa ruwa ya nutse. A 1830 Richard Lander da ƙaninsa John suka zo wannan wuri, suka zauna a hannun Sarkin Busa, suka je Yawuri suka dawo a jiragen mutanen ƙasa, sa'an nan suka gangara a watan Satumba lokacin da kogi ya cika, har suka kai teku. Kogin bai sauya ba cikin waɗannan shekaru 24. Abin da ya bambanta tafiyoyin biyu shi ne wanda ke riƙe da filafili, da kuma lokacin da aka zaɓa. Ƙarfin tururi ma bai warware matsalar ba, domin a 1857 jirgin Dayspring na ayarin William Baikie, wanda Samuel Ajayi Crowther ke ciki, ya daki dutse kusa da Jebba ya lalace, mutanensa suka yi kusan shekara guda a gaɓa suna jiran wani jirgin.

Waɗanda suka rayu da wannan ruwa, Gungawa da Lopawa da Sarkawa a sama, Kyadyawan Nufe a ƙasa, sun riƙe sana'ar fito da su ne da ilimin da ake gada. Sun san kogin na cika sau biyu, farin ruwa da ke zuwa da damina daga ruwan saman yankin, da baƙin ruwa da ke isowa da sanyin hunturu bayan ya yi wata da watanni yana ratsa fadamun Mali daga tsaunukan Gini. Dutsen da ke ɓoye a wannan wata yana iya fitowa fili a wancan. Mai tuƙi da gora yana taɓa ƙasan kogi a kowane taki, saboda haka hannunsa na ba shi labarin zurfi tun kafin ido ya gani, kuma tafiyarsa a hankali take, ko ya goga dutse sai dai jirgi ya girgiza. Sarautar Sarkin Ruwa a garuruwan bakin kogi ta tsayu a kan wannan sani.

Injin kuwa daga wata duniya ya fito. Ole Evinrude, haifaffen Norwe da ya girma a Amurka, ya fara sayar da nasa a birnin Milwaukee a 1909, ƙarfinsa doki ɗaya da rabi, an yi shi ne don masu shaƙatawa a tafkuna. A farkon shekarun 1920 shi da kamfanin Johnson suka koma amfani da alminiyom don rage nauyi, kuma tun daga nan ƙafar inji, wato gidan giya da harshen da ke ƙarƙashinsa, ta zama zubi guda na wannan ƙarfe mai sauƙi amma mai saurin tsagewa. Yamaha ta fito da nata na farko a 1960, daga baya ta ƙera samfurin Enduro don masu aikin yau da kullum a ƙasashen da mai ba shi da tsabta kuma kayan gyara ke da nisa. Irinsu ne suka cika kogunan Afirka ta Yamma. Abin lura a tsarin waɗannan injina shi ne yawan wuraren da aka bari da rauni da gangan. Tsofaffin suna da ɗan ƙusa mai taushi a jikin farfela wanda ke katsewa idan ta daki abu. Na baya aka sa musu roba a cibiyar farfela mai zamewa. An rataya injin yadda zai yi tsalle sama idan ya ci karo yana tafiya gaba, muddin direba bai kulle shi ba. Harshen na cikin wannan jeri, yana karɓar duka a madadin farfela da sandar da ke juya ta, ban da aikinsa na riƙe jirgi a kan saiti.

Mai musu zai ce duk wannan tarihi ne na kogin da babu shi yanzu. Dam ɗin Kainji da aka kammala a 1968 ya haɗiye tsohuwar Busa da tsibirin Foge da mashigan da suka ci Park, aka tashi mutum kusan 44,000, aka samu tafki mai tsawon fiye da kilomita 130. Na Jebba ya biyo baya a tsakiyar shekarun 1980. Gaskiya ne gangaren ya tafi, sai dai hatsarin sauya kama kawai ya yi. Tafkin ya rufe daji ne da gonaki da tuddai, ba a kuma sare dukan itatuwan ba, suka mutu a tsaye a ƙarƙashin ruwa. Ruwan Kainji na ja da baya da mita masu yawa kowace shekara yayin da ake sakinsa don wutar lantarki, kan dutse da kan kututture su matso dab da sama ba tare da wata alamar kumfa irin ta ruwa mai gudu ba. Tsohon dutsen Busa yana da suna kuma kowa ya san inda yake, na tafki kuwa sai wanda ya bi hanyar shekara da shekaru. Inji kuma ya ɗauke gorar da ke auna zurfi ya ƙara gudu. Aikin sare kututture da hukumar raya yankunan madatsun wutar lantarki, HYPPADEC, ta shiga yi a 'yan shekarun nan shaida ce cewa bayan rabin ƙarni matsalar na nan.

Wani kuma zai ce jirage nawa ke yawo da rabin harshe lafiya lau, kuma abin da ke kashe mutane lodi ne da tafiyar dare da rashin rigar ruwa. Wannan musun ya fi na farko ƙarfi. Hatsarin Warra a ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayun 2021, da na Patigi a Yunin 2023 inda sama da mutum 100 suka rasu, ba wanda zai ɗora su a kan guntun alminiyom. 'Yar ɓantarewa a bakin harshe ma ba ta buƙatar komai sai a goge ta da magagari. Amma dukan da ya isa karya harshe ba a nan yake tsayawa ba. Yana iya lanƙwasa sandar farfela kaɗan yadda ido ba zai gani ba sai an juya ta, daga nan ta cinye robar da ke tare ruwa. Yana iya tsaga gidan giya. Shi ya sa bakanike na ƙwarai yakan fara da kwance ƙusar man giya, idan man ya fito fari-fari kamar madara to ruwa ya shiga, idan da ɓurɓushin ƙarfe to haƙoran giya sun taɓu. Injin da ya mutu a tsakiyar tafki da jirgi cike da buhuna da fasinja, iska na tasowa, yana cikin hanyoyin da lodi ke zama ajali. Harshen da ya ragu sosai kuma yana barin farfela a tsirara, jirgi ya riƙa ja gefe guda.

Gyaran kansa ya haifar da reshen sana'a a bakin ruwa. Lanƙwasa kaɗan ana miƙe ta da guduma a hankali, a tokara katako a ɗaya gefen, domin zubin alminiyom ba ya jure a lanƙwasa shi a mayar sau biyu. Idan babban yanki ya tafi sai a yanko falle a yi walda, kuma a nan ake gane gwani. Waldar alminiyom ba irin ta ƙofa da taga ba ce, zafinta na bin jikin ƙarfen da sauri, wanda bai juye mai ya fitar da kayan ciki ba yakan ƙona robobin ko ya karkatar da mazaunin giya. Jarabar da ta fi kowace ita ce a ce tunda yana karyewa, a sa wanda ba zai karye ba, a ɗaura ƙarfe mai kauri da ƙusoshi. A ƙasashen waje ana sayar da irin wannan kube na ƙarfe mara tsatsa, kuma yana da amfani inda yashi da tsakuwa ke cinye harshe sannu a hankali. A ruwa mai dutse lissafin ya juya, saboda ƙarfin dukan dole ya sauka a wani wuri, idan harshe ya ƙi ba da kai sai gidan giya ya tsage, abin da kuɗinsa ya ninka na walda nesa ba kusa ba, kuma sau da yawa sai an aika Onitsha ko Legas kafin a samu wani. Haka nan direban da ke kulle injin don kada ya riƙa tsalle ya cire wata kariyar da hannunsa. Shi ya sa tsofaffin direbobi a Kainji suke barin makullin a buɗe, su rage wuta a wuraren da suka sani, su kuma ajiye yaro a goshin jirgi da gora idan ruwa ya ja baya.